In Za A Kori Mota Daga Kasuwa, Kada A Kori Gurgu

Duk wanda ya taɓa ratsa Idumota ko Oshodi ko Mile 12 da rana tsaka, ko kuwa Dugbe a Badun, ba ya bukatar a gaya masa irin wahalar da mota ke jawowa a tsakiyar gari. Danfo na busa wa mai tafiya ƙaho a ƙeya, babbar mota ta tokare bakin rumfa, ɗan dako da buhu a ka yana neman inda zai sa ƙafa, ga hayaƙi, ga ƙara, ga haɗari. Maganin da garuruwa da yawa na duniya suka samo shi ne a keɓe titunan tsakiyar kasuwa a hana mota shiga, a bar wa masu tafiya da ƙafa kaɗai. Babban birnin ƙasar Denmak ya yi haka da titin cinikinsa mafi girma tun 1962, garin Norwich na Ingila ya bi sahu a 1967, kuma tun daga nan dabarar ta bazu har cikin ƙananan garuruwa da ƙauyukan Turai. A ganinmu dabara ce mai kyau, kuma ba mu shakka wata rana za ta iso kasuwanninmu. Amma akwai tambaya guda da ya kamata a amsa tun kafin a kafa turke ɗaya a bakin titi, watau shi mutumin da ba shi da ƙafar tafiya, yaya za a yi da shi?

Abin da ya faru a garin York na arewacin Ingila ya isa abin lura ga duk mai son amsar wannan tambaya. York tsohon gari ne mai ganuwa, kamar Kano ko Zariya, titunansa na tsakiya matsattsu ne ƙwarai, baƙi kuma suna tururuwa zuwa kallonsa. Tun cikin shekarun 1980 hukumar garin ta hana motoci shiga waɗannan tituna daga hantsi zuwa yamma, amma ta bar ƙofa ga naƙasassu masu riƙe da wata takardar izini, suna iya shiga wasu daga cikin titunan da motarsu su ajiye kusa da inda za su.

Ita wannan takarda tana da tarihi. A 1970 ne Majalisar Dokokin Ingila ta zartar da wata doka ta kula da naƙasassu da masu doguwar jinya, wadda wani ɗan majalisa mai suna Alf Morris ya gabatar. A ƙarƙashinta aka fara ba naƙasassu kati mai launin ruwan lemo a 1971, sa'an nan a shekara ta 2000 aka maye gurbinsa da shuɗin kati. Mutum ake ba katin, ba mota ba, saboda haka ko ɗansa ne ya ɗauko shi ko tasi ya shiga, katin na aiki muddin yana cikin tafiyar. Mai katin yana iya ajiye mota a wuraren da aka keɓe, har ma a gefen titin da aka hana sauran jama'a tsayawa, na tsawon sa'a uku. Daga cikin waɗanda suka cancanci samunsa akwai wanda ba ya iya yin tafiyar da ta wuce mita 50. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin mita 50 ba ta wuce rabin tsawon filin ƙwallo ba, kuma ga wasu bayin Allah nan ne ƙarshen duniyarsu in babu abin hawa.

Da cutar korona ta ɓarke a 2020, majalisar garin York ta janye wannan sassauci, a kan cewa na ɗan lokaci ne, domin jama'a su sami sararin yin nesa da juna, masu sayar da abinci kuma su fito da kujerunsu waje. A watan Nuwamba na 2021 majalisar ta yanke shawara hanin ya zama na dindindin. Hujjarta ita ce tsaro, domin 'yan sanda sun ba da shawara a kare taron jama'a daga masu kai hari da mota, kuma aka tsara kafa turakun ƙarfe a mashigan titunan. Maimakon abin da aka karɓe, aka ba naƙasassu wuraren ajiye mota a gefen yankin, inda daga nan sai mutum ya taka da ƙafarsa ko a tura shi.

Ba mu ce majalisar ta yi haka don mugunta ba. Tsoron nata yana da tushe, domin a watan Yuli na 2016 wani ya kutsa da babbar mota cikin taron jama'a a garin Nis na Faransa ya kashe mutum 86, kuma a 2017 an kai irin wannan hari har sau biyu a kan gadojin birnin Landan. Duk shugaban da ya ga haka bai yi tunani ba, ya yi sakaci. Sai dai garin neman gira an rasa ido. Tsofaffi da guragu da masu ciwon zuciya da na numfashi, waɗanda a garin aka haife su, suka wayi gari ba su iya zuwa banki ko gidan waya ko kantin magani ko wurin ibada da ke tsakiyar garinsu. Baƙon da ya zo yawon buɗe ido daga wata ƙasa yana yawo yadda ya ga dama, ɗan gari kuwa yana zaune a gida saboda ƙafarsa ba ta kai shi.

Naƙasassun York ba su tsaya ga kuka ba. Ƙungiyoyinsu fiye da ashirin, da na tsofaffi da na masu jinya, suka haɗa kai a ƙarƙashin tuta guda suna neman a soke hanin. Suka tara sa hannun jama'a, suka halarci zaman majalisa, suka sami goyon bayan sanannun mutane irin su Judi Dench, shahararriyar 'yar wasan kwaikwayo wadda haifaffiyar garin ce. Da zaɓen ƙananan hukumomi ya zo a watan Mayu na 2023, maganar ta zama ɗaya daga cikin manyan batutuwan yaƙin neman zaɓe, Jam'iyyar Leba da ta yi alkawarin soke hanin ta sami rinjaye. A watan Oktoba na wannan shekara sabuwar majalisa ta soke shi, kuma daga Janairun 2024 aka fara buɗe wa masu shuɗin kati hanya. Turakun ƙarfe suna nan ba a cire su ba, an dai sa ma'aikata a bakin ƙofa suna duba kati suna buɗewa. Ashe tun farko ana iya haɗa tsaro da adalci, sai da aka ɓata fiye da shekara uku da kuɗin jama'a kafin a yi abin da za a iya yi a rana ɗaya da an saurari masu abin.

Darasi na farko ke nan: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniya mai ƙafa biyu da ido biyu, komai iliminsa, ba zai san nauyin mita ɗari ga mai dogara sanda ba sai ya tambaye shi. Kuma tambayar ba ta wadatar ga mutum ɗaya, domin bukatun naƙasassu ba ɗaya ba ne. Gurgu mai keke yana son titi shimfiɗe babu tudu, makaho kuwa da ɗan dakalin gefen titi yake gane inda hanyar mutane ta ƙare ta mota ta fara. A Ingila ɗin dai, wasu garuruwa sun baje titi da gefensa suka zama ɗaya, mota da mutum kowa ya lallaɓa, makafi suka yi ta ƙorafi cewa an ɗauke musu alamar da sandarsu ke bi, har a 2018 gwamnati ta nemi ƙananan hukumomi su dakata da sababbin ayyuka irin wannan. Maganin wannan saɓani kuwa sananne ne, watau a sassauta dakalin a wurin tsallakawa, a kuma shimfiɗa bulo mai ƙuraje wanda makaho zai ji da tafin ƙafa ko da sanda. Wani mutumin Japan mai suna Seiichi Miyake ne ya ƙago shi, aka fara shimfiɗa shi a garin Okayama a 1967, yau kuwa ya game duniya.

Wani zai ce wannan ai zancen Turawa ne masu motoci, ina ruwan mutumin Sabo ko Agege da shi? Ruwansa ya fi na kowa. Duk wanda ya san zaman Kudu ya san cewa cikin 'yan'uwanmu da suka sauko daga Arewa akwai naƙasassu masu yawan gaske. Unguwar Sabo ta Badun ta daɗe da sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kuma a Okobaba ta Ebute Metta iyalai ne cike, an haifi 'ya'ya da jikoki a wurin. Da yawa daga cikin guragunmu shan inna ce ta kama su suna yara. Ko da yake a watan Agusta na 2020 an tabbatar cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka, waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan tare da mu, za su kuma daɗe, in Allah Ya ba da rai. Ga kuma waɗanda haɗarin mota ko na babur ya raba da ƙafa, ga tsofaffin 'yan kasuwa da ƙafa ta gaza, ga masu shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da wata naƙasa. Wanda ke da lafiya yau bai karɓi takardar alkawari a kan gobe ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, doka tana bayan waɗannan bayin Allah. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2010. Jihar Legas ta yi tata dokar a 2011, ta kuma kafa ofishi na musamman mai kula da al'amuransu. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar Tarayya mai hana nuna wa naƙasassu bambanci, a 2020 kuma aka kafa hukumar ƙasa da za ta lura da aiwatar da ita. Dokar ta ce tilas gefen titi da wurin tsallakawa su zama waɗanda mai keken guragu da makaho za su iya bi. Ta ce a duk filin ajiye motoci na jama'a tilas a keɓe wa naƙasassu wuri a yi masa alama. Mai fili da ya ƙi, tarar Naira 1,000 ce a kowace rana, lafiyayyen da ya ajiye motarsa a wurin kuwa Naira 5,000. Ma'aikacin da ya amince da zanen ginin jama'a wanda naƙasasshe ba zai iya shiga ba, yana iya fuskantar tarar Naira miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara biyu. An ba tsofaffin gine-gine wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024, watan nan da York ta buɗe ƙofarta.

To, mai karatu ya duba kasuwar da yake zuwa kullum, da tashar da yake shiga mota in za shi gida, da asibiti da sakatariyar ƙaramar hukumarsa, ya ƙirga wurare nawa ya ga an keɓe, kuma cikin waɗanda aka keɓe nawa ne ba wani mai hali ya toshe da motarsa ba. Tarar ma kanta ta zama abin dariya, domin Naira 1,000 a yau ba ta tsorata mai filin da ke karɓar fiye da haka daga mota guda. Lalle ne Majalisar Tarayya ta sake duban waɗannan adadi.

Amma ko an cika dokar ajiye mota baƙi da baƙi, ba a taɓo ainihin matsalar mutanenmu ba, kuma nan ne halinmu ya bambanta da na Ingila. A can ana jayayya a kan inda naƙasasshe zai ajiye motarsa, a nan kuwa yawancinsu ba su da motar. Ƙafarsu ita ce keken hannu, ko ɗan katako mai tayoyi, ko Keke Marwa, ko okada. Da Gwamnatin Legas ta hana okada da Keke Marwa a wasu sassan birni a watan Fabrairu na 2020, ta kuma sake hana okada a watan Yuni na 2022 a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Lagos Mainland inda Ebute Metta take, ta kawo hujjar haɗari da tsaro, hujja ce kuma da ba za a raina ba. Sai dai mai lafiya ya ƙara tafiyar minti goma zuwa tasha ya wuce abinsa, gurgu kuwa wanda babur ke ɗauka daga ƙofar ɗakinsa ya rasa ta yi. Haka nan gadojin tsallake manyan tituna. Ana kama wanda ya ratsa titi bai hau gada ba, kuma daidai ne, amma gadar da ba ta da komai sai matakala, ta yaya mai keke zai hau ta? Duk lokacin da aka tsara hanya ba a tuna da shi ba, an sake maimaita kuskuren York a kan wanda ba shi da kati, ba shi da lauya, ba shi da jarida.

Akwai masu cewa, a ɓoye ko a sarari, ai gara a rage su a kasuwa tun da bara suke zuwa. Wannan magana ba ta da kan gado. Cikin naƙasassunmu akwai tela da baduku da mai gyaran rediyo da waya, akwai maƙera masu haɗa keken guragu da hannunsu, akwai mai tireda da malamin makaranta. Hanyar da aka toshe wa mai bara ita ce aka toshe wa mai sana'a, kuma mutumin da aka hana isa rumfarsa an tura shi bara ne da ƙarfi. Duk mai son bara ta ragu, to, ya fara da buɗe hanyar neman halali.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohin Kudu da ƙananan hukumominsu, duk lokacin da za a sake gina kasuwa ko tasha, ko za a hana abin hawa shiga wani titi, a zauna da ƙungiyoyin guragu da makafi da kurame tun zane yana kan takarda, kada a jira sai siminti ya bushe. A kowace mashiga a bar wurin sauka da ɗauka wanda bai wuce mita 50 daga rumfuna ba, a yarda mota ko Keke Marwa da ke ɗauke da naƙasasshe ta iso wurin, a sa ma'aikaci mai duba shaida. Ita shaidar kuma a ba mutum, kyauta, ba tare da an tambaye shi takardar asalin jiha ba, domin ɗan Katsina da ke zaune a Mushin ɗan ƙasa ne. Wurin ajiye motar naƙasasshe ya fi na kowa faɗi da aƙalla mita ɗaya da 'yan kai, don ƙofa ta buɗu a fito da keke. Gangaren da za a yi wa keke kuma kada tsayinsa ya wuce taku ɗaya a cikin kowane taku goma sha biyu na tsawo, domin wanda ya fi haka tsini tarko ne. A rufe magudanan ruwa, a sa benci a kan hanya don mai gajiya ya huta. Babu ɗaya cikin waɗannan da zai ci kuɗin kirki in an sa shi tun farko, gyara daga baya ne ke cin dukiya.

Muna kuma kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni, na Mile 12 da Agege da Bodija da Shasha har zuwa Benin da Anaca da Fatakwal. Ranku ya daɗe, ku ne hukuma ke kira in za a yi wani sauyi a kasuwa, ku ne kuma ke raba rumfuna da sa ido a kan tashoshi. In an kira ku, ku tafi da Sarkin Guragu da Sarkin Makafi, su faɗi nasu da bakinsu. Akwai kuma abin da ba sai an jira gwamnati ba. Rumfar da ke kusa da ƙofa a ba wanda ba ya iya nisa. Masu kasa kaya a kan hanya su ja baya kaɗan yadda keke zai wuce. Masallatanmu na Sabo da sauran unguwanni, waɗanda da kuɗinmu muka gina, a yi musu gangare a ƙofa da wurin alwala da mai keke zai iya amfani da shi. Ba mu da bakin zargin hukuma in namu gidan bai gyaru ba.

Ga direbobi da masu motoci kuwa, wurin da aka zana hoton keken guragu ba wurin manya ba ne, ba kuma na mai sauri ba ne. Minti biyar ɗin da ka ce za ka yi yana iya zama dalilin da wani zai koma gida bai ga likita ba.

Daga ƙarshe, 'yan'uwanmu naƙasassu, abin da ya ceci mutanen York bai wuce haɗin kai da ƙuri'a ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku yi rajista da ofishin naƙasassu na jihar da kuke zaune, ku shiga ƙungiya tare da 'yan'uwanku Yarabawa da Inyamurai da sauran ƙabilu, domin matakala ba ta tambayar yaren wanda ta hana hawa. Ku yanki katin zaɓe a inda kuke, in mai neman kujerar kansila ko ciyaman ya zo da buhun shinkafa, ku tambaye shi ina gangaren kasuwa, ina wurin sauka, kuma yaushe. Abin da doka ta ba ku haƙƙi ne, ba sadaka ba ce, ba a kuma neman haƙƙi da ƙoƙon bara.

Muna son ganin ranar da za a ratsa Idumota babu ƙaho babu hayaƙi, uwa ta saki hannun ɗanta ba ta fargaba. Amma kasuwar da mai ƙafa kaɗai ke iya shiga ba ta zama ta jama'a ba tukuna. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya kuma sa mu dace.